Daga Filin Dogon Dutsi Zuwa Abuja: Ba Kowane Alƙalin Wasan Da Aka Jefa Ne Maciyin Amana Ba

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar hatsi a kasuwar Dogon Dutsi, ko ta Matankari, ko ta Kore Mai Ruwa, ya san babu abin da ke saurin tada jijiyar wuya kamar gardama a kan tiya. Mai saye yana ganin an tauye masa, mai sayarwa tana rantsuwa cewa ta cika har ta yi tozo, kafin ka ce kwabo mutane sun taru. To amma tsofaffin 'yan kasuwa za su gaya maka cewa tiyar da ta fi cutar jama'a ita ce wadda aka bubbuge gindinta a ɓoye, domin ita babu mai yin hayaniya a kanta. Mai saye zai karɓi hatsinsa yana godiya, har ya yi wa wanda ya cuce shi addu'ar Allah Ya ƙara kasuwa.

A filin wasa ma akwai tiya, ita ce usur ɗin da ke bakin alƙali. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a yau shi ne yadda ake yawan kammala wasannin ɗalibai da na matasan unguwanni a garuruwanmu na Arewa da zage-zage da jifa, kuma kusan kullum kalma ɗaya ce ke fita daga bakin waɗanda aka cinye: “An saye alƙali.” Abin tambaya a nan shi ne, shin mun ma san kamannin alƙalin da aka saya kuwa?

Wasan da ba na mantawa

A shekarun 1990, lokacin da Tibiri take ƙarƙashin Dogon Dutsi, tun kafin a ba ta gundumarta a 2011, na kalli wani wasan ƙwallo tsakanin ɗaliban wata makarantar sakandare ta cikin Dutsi da takwarorinsu da suka zo daga ɓangaren Tibiri a bayan wata babbar mota. Akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya tsakaninsu, irin ta 'yan uwa, wadda kowa ke cewa gara ya sha kashi a hannun baƙo da ɗan gida ya yi masa dariya. Fili babu ciyawa ko ɗaya, jan tsakuwa ne da rairayi, rabin 'yan wasan kuma babu takalmi. Tun daga bugun farko aka shiga sarar ƙafa da dukan gwiwar hannu, kafin a tafi hutun rabin lokaci an fitar da yara biyu suna ɗingishi, wani kuma an ɗaure masa goshi da kallabin wata mai tallar gyaɗa.

Alƙalin wasan malamin makaranta ne, mazaunin Dutsi, wanda aka roƙa ya taimaka, babu ko dala da aka ba shi. Ana saura 'yan mintoci a tashi, ana kunnen doki, sai yaron gida ya jefa ƙwallo a raga. Fili ya kaure da ihu. Sai malam ya busa usur ya ce satar gida ce, ƙwallo ba ta ci ba. Abin da ya biyo baya ba ya da daɗin tunawa. Jama'a suka afka cikin fili, duwatsu suka fara tashi, aka kifar da kaskon wata mai ƙosai da mai da komai, aka tattake faifan masu rake da goro, direban motar baƙi ya kwashe yaransa da gudu an fasa masa gilashi. Malam kuwa da ƙyar wasu dattawa suka raka shi gida. An yi makonni ana nuna shi da baki ana cewa mutanen Tibiri sun saye shi, kuma daga ranar bai sake riƙe usur ba.

Bayan shekaru masu yawa na haɗu da wanda ya jefa ƙwallon nan a tashar mota, ya zama magidanci, muna hira yana dariya ya ce mini, wallahi shi kansa ya san ya yi satar gida, har ya waiwaya ya ga babu kowa tsakaninsa da mai tsaron gida tun kafin a ba shi ƙwallo. Ke nan mun jefi mutumin da ya auna mana da cikakkiyar tiya, don kawai abin da ya auna bai yi mana daɗi ba.

Daren Abuja

Yanzu mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, mu leƙa wani wasan da duniya ta shaida. Mutanen Arewa, da yake iyaka ce kawai ta raba su da Kangiwa da Argungu, sun daɗe suna bin ƙwallon Nijeriya kamar nasu, kuma sun san irin adawar da ke tsakanin Nijeriya da Ajantina. A wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta 1996 a Amurka, Nijeriya ta ci 3 da 2, inda Emmanuel Amunike ya jefa ƙwallon nasara daf da tashi. A ranar kowane ɓangare ya yi kuka da alƙali, Pierluigi Collina ɗan Italiya: 'yan Nijeriya sun ce fenaritin da ya bai wa Ajantina faɗuwar ganganci ce, 'yan Ajantina kuma sun ce ƙwallon Amunike satar gida ce. Daga baya Ajantina ta rama. Ta ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin duniya na matasa a 2005, da fenariti biyu na Lionel Messi, ta ci 1 da nema a wasan ƙarshe na Olamfik a 2008 a Sin, ta sake cin 1 da nema a kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu.

Saboda haka da aka ce ƙasashen biyu za su yi wasan sada zumunci a babban filin wasa na Abuja ranar 1 ga Yuni, 2011, kowa ya san ba zumunci za a sada ba, bashi za a biya. Gaskiya ne Ajantina ba ta zo da manyan 'yan wasanta ba, babu Messi a cikin tawagar, amma wannan bai rage wa masu kallo zumuɗi ba. Alƙalin da aka ɗauko kuwa namu ne, ɗan Nijar, Ibrahim Chaibou, wanda a lokacin yake da lambar alƙalanci ta hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA.

Yaran Samson Siasia sun yi wasa mai kyau a daren. Ikechukwu Uche ya ci biyu, Obinna Nsofor ya ci ɗaya da fenariti, Emmanuel Emenike ya ƙara ta huɗu. Da minti 90 ya cika, 4 da nema ake, aka ɗaga allo aka nuna ƙarin minti 5. Minti biyar ya wuce, alƙali bai busa ba. Aka shiga na shida, aka shiga na bakwai. A wajen minti na takwas sai ya nuna fenariti ga Ajantina, wai ɗan bayan Nijeriya ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali da aka maimaita hoton a talabijin an ga a ƙafa ta same shi. Mauro Boselli ya buga ta shiga, aka tashi 4 da 1.

To wa ya damu? Babu kowa. Nijeriya ta lallasa Ajantina, an kwana ana murna daga Legas har Sakkwato, har da gidajen kallo na wannan gefen iyaka. Babu wanda ya ɗauki dutse, babu wanda ya bi alƙali da zagi har masauki. Ƙwallo ɗaya ta banza a ƙarshen wasa, mai nasara bai ji zafinta ba, wanda aka cinye ma ya samu ta share hawaye.

Abin da ke ƙarƙashin tabarma

Kwanaki kaɗan bayan haka FIFA ta sanar da cewa tana binciken wasan. Dalili kuwa shi ne masu sa ido a kan kasuwar caca ta duniya sun lura cewa daf da ƙarshen wasan an zuba maƙudan kuɗi a kan cewa sai an sake cin wata ƙwallo kafin a tashi. A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya buɗe kunne, domin dabarar irin ta mugun dillali ce. A cacar ƙwallo ba a kan wanda zai yi nasara kaɗai ake zuba kuɗi ba. Ana zubawa a kan yawan ƙwallayen da za a ci gaba ɗaya, ko za su kai biyar ko ba za su kai ba. Wanda ya zuba a kan biyar bai damu da ragar da ta biyar ɗin za ta shiga ba. Don haka mai shirya maguɗi ba ya buƙatar sayen 'yan wasa goma sha ɗaya, ba ya buƙatar canza wanda ya ci. Mutum ɗaya ya ishe shi, mai usur da agogo, wanda zai iya jan lokaci ya kuma ƙirƙiro fenariti.

Da aka fara tono sai aka ga ba a Abuja abin ya fara ba. Ranar 31 ga Mayu, 2010, kwanaki kaɗan kafin buɗe kofin duniya, Chaibou ne ya yi alƙalancin wasan da Afirka ta Kudu ta ci Gwatamala 5 da nema a garin Polokwane, inda ya ba da fenariti har uku a kan taɓa ƙwallo da hannu. A 2014 jaridar New York Times ta Amurka, bisa wani rahoton cikin gida na FIFA, ta ruwaito cewa a ranar wasan ya kai kimanin dalar Amurka 100,000 wani banki a garin. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba, kuɗin da a lokacin ya haura miliyan 50 na sefa. Shi ne kuma ya busa wasan da aka yi a Baharain a watan Satumba na 2010, wanda daga baya aka gano cewa ƙungiyar da ta sa rigar Togo ta bogi ce. Sunan da ya riƙa fitowa a bayan waɗannan shirye-shirye shi ne na wani ɗan Singafo, Wilson Raj Perumal, wanda aka kama a ƙasar Finland a 2011 kuma aka ɗaure shi a kan shirya maguɗin wasanni.

Chaibou ya musanta cewa ya taɓa sayar da wasa. Amma a watan Janairu na 2019 kwamitin ɗa'a na FIFA ya same shi da laifin karɓar cin hanci, ya haramta masa shiga duk wata harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa, ya kuma ci shi tarar kuɗin Suwizalan 200,000, wato sama da miliyan 100 na sefa. Kusan shekara takwas ke nan bayan daren Abuja. Abin takaicin shi ne, a daidai waɗannan watanni ne ƙungiyarmu ta Mena take ɗaga sunan Nijar, inda ta ci Masar 1 da nema a Yamai a watan Oktoba na 2010 da ƙwallon Moussa Maazou, ta kuma samu zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012 a karon farko a tarihi.

Kuskure daban, ha'inci daban

Idan aka jera labarin malamin Dutsi da na Abuja, za a ga inda muke yin tuntuɓe. Mu ma'auninmu na alƙali ɗaya ne: in mun ci, adali ne; in an cinye mu, an saye shi. Da wannan ma'auni mun kori mai gaskiya daga fili, da shi kuma dubban mutane suka tafa wa wasan da aka tsoma wa hannu.

Alƙali mutum ne, yana kuskure, wani lokaci ma kuskure mai ban kunya. A watan Janairu na 2022, a gasar kofin Afirka a Kamaru, Janny Sikazwe ɗan Zambiya ya busa tashi a minti na 85 a wasan Mali da Tunisiya, aka dawo, ya sake busawa kafin minti 90 ya cika. Duniya ta yi masa dariya, daga baya aka bayyana cewa zafin rana ne ya buge shi. Shi kuwa Joseph Lamptey ɗan Ghana, a watan Nuwamba na 2016 ya bai wa Afirka ta Kudu fenariti a kan Senegal, wai Kalidou Koulibaly ya taɓa da hannu, alhali a gwiwa ƙwallo ta same shi. Bincike ya haɗa hukuncin da motsin kuɗin caca, FIFA ta kore shi har abada a 2017, ta sa aka sake wasan, Senegal ta ci 2 da nema ta wuce kofin duniya na 2018. A idon mai kallo duka biyun ɓarna ce. Abin da ya bambanta su bincike ne da hujja, kuma dutse bai taɓa yin bincike ba.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Wata za ta ce, ni da ke fama da tukunyar shinkafa da wake, ina ruwana da usur? Uwargida, ruwanki ne har wuya. Ranar wasa ranar ciniki ce. Mai fura, mai ƙosai, mai tsire, mai ruwan sanyi, ɗan kabu-kabu da direban da ya kawo baƙi, duk a bakin fili suke samun na cefane. In rikici ya tashi, 'yan wasa gudu suke yi, kayanki ne ba su da ƙafa. Bugu da ƙari, yaran da aka jefa a Dutsi iyayensu ne ke kawo gero da wake da gyaɗa kasuwa daga Geceme da Dumega, su ne kuma ke sayen dankali da kayan masarufi su koma da su. Gabar da aka ƙulla a fili ba ta tsayawa a fili.

Mu dubi kokowa, wadda ta fi ƙwallo tsufa da farin jini a wannan ƙasa. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, jihohi ke karɓar baƙuncinta bi da bi. Jihohi takwas ne ke zuwa, kowace da 'yan kokowa goma, ga makaɗa da maroƙa da 'yan kallo, kuma duk wanda ya kasa kaya a Dosso a watan Disamba na 2024 ya san abin da kwanakin nan ke kawowa. Jiharmu tana alfahari da Salma Ɗan Rani, wanda filin kokowar Dosso ke ɗauke da sunansa, da kuma Kadri Abdou, wato Issaka Issaka, mai takobi shida. Amma a gasar ta 2024, a gidanmu, Abba Ibrahim na Yamai ne ya tafi da takobin. Ya yi mana ciwo, babu shakka. Sai dai da a ce doka ce mai masauki ne zai ci, da babu wanda zai biya kuɗin mota daga Difa ko Agadas ya zo kallo, kuma da takubban Issaka shida ba su fi ƙarfen maƙera daraja ba. Amincewa da alƙali ita ce jarin gasar, kamar yadda amincewa da tiya take jarin rumfar hatsi.

Akwai kuma abu na uku da ya fi kusa da aljihunmu. Cacar da ta ja hankalin masu maguɗi zuwa Abuja a 2011, a yau tana cikin wayar salular yaron shagonka. Yana zuba jaka ɗaya yau, jaka biyu gobe, a kan wasan da ake yi a ƙasar da bai san inda take ba, yana ganin ya iya lissafin ƙwallo. Labarin Abuja ya isa ya nuna masa cewa wani lokaci waɗanda suka san sakamako tun kafin a busa suna can zaune, kuɗinsa ne ribarsu. Wanda ya bar yaro da aljihun ciniki da wayar caca, kada ya yi mamaki in lissafin yamma ya ƙi cika.

Ina mafita?

Yawancin kofunan da ake sa wa ɗalibai da matasa a garuruwanmu da gudunmawar 'yan kasuwa ake yin su, daga riguna zuwa ƙwallo zuwa kuɗin kyauta. Mai ba da kuɗi yana da bakin magana, don haka ya kamata ya gindaya sharaɗi kafin ya zura hannu a aljihu.

Na farko, in Dutsi da Tibiri za su kara, a ɗauko alƙali daga gari na uku, daga Dosso ko wani wurin da ba ya da ɗa a cikin fili. Wannan kariya ce ga alƙalin kansa, domin malamin da na ba da labarinsa da baƙo ne da ya hau mota ya tafi, amma da yake ɗan gari ne sai da ya yi shekaru yana haɗuwa da masu jifansa a masallaci da kasuwa.

Na biyu, a yanka wa alƙali ladansa tun kafin wasa, kowa ya san nawa ne, kuma kwamitin gasa ne zai biya, kada a bar shi yana jiran abin da mai masauki zai damƙa masa a bayan fili. Mutumin da aka ɗauko daga nesa aka bar shi babu kuɗin mota, an buɗe wa shaiɗan ƙofa.

Na uku, a karanta dokokin gasa a gaban kyaftin-kyaftin da malamai kafin a take ƙwallo, a kuma sa mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su zauna wuri guda da agogo, a faɗi ƙarin lokaci da ƙarfi kowa ya ji. A Abuja agogo ne ya fara tona asiri.

Na huɗu, a buɗe ƙofar ƙorafi. Kamar yadda mai ƙarar tiya yake zuwa wurin sarkin kasuwa a kawo wata tiyar a gwada, haka ƙungiyar da ke ganin an zalunce ta ta rubuta ƙara ga kwamiti, a duba, yanzu ma da kusan kowane wasa akwai wanda ya ɗauke shi a waya. In an samu alƙali da ha'inci a raba shi da usur a sanar. In kuskure ne a ce kuskure ne. Ƙungiyar da magoya bayanta suka shiga fili kuwa a cire ta daga gasar, ta kuma biya matan da aka yi wa ɓarna kayansu, domin wannan ita ce asarar da ba a taɓa lissafawa.

Daga ƙarshe, malamanmu sun sha yi mana wa'azi a kan masu tauye ma'auni, har sura guda aka saukar a kansu, kuma mun san abin da ya sami mutanen Annabi Shu'aibu. Wa'azin ya hau kan alƙalin da ya sayar da usur ɗinsa. Ya kuma hau kanmu 'yan kallo, da muke son a cika mana in mu ne a gaba, a tauye wa baƙo in shi ne a gaba. Malamin nan na Dutsi babu wanda ya taɓa zuwa ya ba shi haƙuri, ni ma da na tsaya ina kallo ban je ba. Allah Ya yafe mana, Ya ba mu ikon yin adalci ko a kan 'ya'yanmu ne, Ya kuma albarkaci kasuwanninmu. Amin.